Shirin jarrabawar UCAT: abin da muka saya da kuɗi da abin da muka samu kyauta

Na dawo daga aikin dare wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, ko takalmi ban cire ba, na tarar da Ummi a teburin kicin ta kifa kai kusa da kwamfuta. Shayin da ta haɗa ya huce, ko kurɓa ba ta yi ba. Na ce, "Ke lafiya?" Ta ɗago, idanu jajir, ta ce, "Mama, tambaya 44 a minti 22. Ina kan ta 29 lokaci ya ƙare."

A farkon watan Yulin 2025 ke nan. Yarinyar da tun tana firamare ba ta taɓa kawo mini sakamakon da zan ɗaga mata murya a kansa ba, ga shi jarrabawar gwaji ta farko ta sa ta kuka. A ranar na gane wannan abin da ake kira UCAT, jarrabawar masu neman karatun likita a Birtaniya, ba irin jarrabawar da na sani ba ce, shirinta ma ba irin wanda na sani ba ne.

Ummi 'yar farina ce, sunan mahaifiyata ta ci, don haka da wannan laƙabin za ku ji ina kiranta. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Kano na yi karatu, na yi aiki a gida kafin mu taso, yanzu shekarata 11 a wani asibiti a Mancesta. Tun da ta zauna jarrabawar nan, duk sunan da na je ko walima sai wata uwa ta ja ni gefe: Maman Ummi, wane shiri kuka saya, nawa kuka biya, ya yi amfani kuwa? Amsar ba ta bakin ƙofa ba ce ana jiran mota, shi ya sa na zauna na rubuta. Abu uku muka gwada: wani kwas na yini ɗaya, wani rumbun tambayoyi na intanet da ake biya wata-wata, da kayan gwaji na kyauta da masu jarrabawar suka ajiye a shafinsu. Biyun da muka biya ba zan kama sunansu ba, don akwai ƙorafi a bakina, kuma ba tozarta kowa na fito yi ba.

Ga wanda bai san ta ba, UCAT jarrabawa ce da galibin jami'o'in Birtaniya ke nema a wajen mai son karatun likita ko likitan haƙori. An fara ta a 2006 da sunan UKCAT, aka sauya mata suna a 2019. A da tana da kishiya, BMAT, wadda jami'o'in Oxford da Cambridge da Imperial da UCL suke amfani da ita, mai sashen tunani da warware matsala, da sashen kimiyya, da rubutun insha'i. An yi ta ta ƙarshe a 2023, daga nan su ma suka koma UCAT. Wato yanzu ɗan sakandaren da ke son likitanci a ƙasar nan da wuya ya samu hanyar kauce mata. A kwamfuta ake yi, a cibiyoyin jarrabawa na kamfanin Pearson, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, kuma sau ɗaya tak ake zama a shekara. In ka yi, ka yi ke nan. Kuɗin zama a shekararmu fam 70 ne a cikin Birtaniya, fam 115 a waje. Akwai tallafi ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin ƙasar, amma sai an nema, ba ya zuwa da kansa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne babu tambayar bayoloji ko kemistiri ko guda a ciki. Ni da na taso a kan JAMB, inda za ka bi littafi daga bango zuwa bango, ka haddace tsofaffin tambayoyi kamar karatun sallah, sai na rasa me za a karanta. Ashe ba abin haddacewa, sai dai horar da ƙwaƙwalwa da hannu. Sashe huɗu ne a tsarin 2025. Fahimtar rubutu ce a gaba, ita ce mai tambaya 44 a minti 22, wato sakan 30 ga kowace tambaya, har da karanta rubutun. Sai sashen yanke hukunci, tambaya 35 a minti 37, sai lissafi, 36 a minti 26. Waɗannan ukun kowanne ana ba shi maki daga 300 zuwa 900, jimla ta tashi daga 900 zuwa 2700. Na ƙarshe ni sanin ya kamata nake kiransa: a kawo maka wani yanayi a asibiti ko a makaranta a ce me ya dace a yi, tambaya 69 a minti 26. Shi ba maki ake ba shi ba, rukuni ne daga 1 zuwa 4, na 1 ne mafi kyau, kuma akwai jami'o'in da in ka faɗa na 4 ba sa ko duba takardarka komai yawan makinka. Har zuwa 2024 akwai sashe na biyar, na gano tsarin siffofi da zane-zane, aka cire shi a 2025. Ku riƙe wannan, yana da labari.

Mu mutanen gida mun yarda araha ba ta ado, abin da aka ba mu kyauta kuwa raina shi muke yi. Da wannan tunanin na fara. Ganin hawayen Ummi, a daren ranar na biya fam 185 na wani kwas na yini ɗaya da za a yi a ɗakin taron wani otel. Abbanta ya ce in dakata mu bincika, hankalina bai ba ni ba. Ranar Asabar na kai ta ƙarfe tara, na ɗauko ta ƙarfe biyar. Yara sun kai 60 a ɗaki ɗaya, masu koyarwa biyu, ɗaliban likitanci ne da suka ci jarrabawar shekara biyu ko uku baya. Ummi ta ce suna da kirki, amma abin da aka haska musu a allo shi suke karantawa. A cikin abin da aka haska har da sashen siffofin nan da aka riga aka cire. Kusan awa guda aka ɓata a kansa kafin wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ai bana babu shi. Littafin da aka raba musu ma na bara ne, da tsohon lokaci da tsohuwar jimlar maki 3600. Na aika musu imel sau biyu. Aka ba ni haƙuri, aka ce za a yi mini ragi in na sayi kwas ɗinsu na shirin intabiyu. Kuɗina dai har yau ba su dawo ba.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, da abu ɗaya ta dawo mai amfani: ta ga ɗaki cike da yara masu ƙoƙari duk lokaci yana yanke musu kamar yadda yake yanke mata, hankalinta ya ɗan kwanta. Amma dabarun da suke tallatawa kamar wani sirri, irin su duba tambaya kafin karanta rubutu, ko amfani da madannai maimakon linzamin kwamfuta, daga baya duk mun same su ba tare da biyan sisi ba. Dabara ana jin ta a minti goma. Saba wa hannu da ita shi ne aikin, shi kuwa ba a yin sa a yini ɗaya.

Rumbun tambayoyin ya fi kwas ɗin daraja nesa ba kusa ba. Fam 32 muka riƙa biya a wata. Tambayoyi dubbai ne a ciki, an karkasa su iri-iri, kana iya cewa yau lissafin kashi cikin ɗari kawai nake so, ko zanen da'irorin nan masu shiga juna, ka sa wa kanka agogo. Abin da ya fi burge ni shi ne yana nuna maka sakan nawa ka ɓata a kowace tambaya. Da shi muka gano ciwon Ummi a sashen yanke hukunci. Akwai wasu tambayoyi masu kama da wasa ƙwaƙwalwa, a ce mutum biyar suna zaune a jere, wane ba ya kusa da wane, wance tana hagun wance, wa ke tsakiya? Ummi tana cin su, amma sai ta yi minti uku a kan guda ɗaya, alhali rabon kowace tambaya a sashen bai fi minti ɗaya da 'yan sakanni ba. Ta ci ɗaya, ta rasa uku masu sauƙi da ke jiranta a gaba. Ba don wannan agogon ba da mun daɗe muna lalube a duhu.

Ƙorafina da su biyu ne. Bayan kowane gwaji suna ba ka kiyasin maki, su kuma nuna maka matsayinka a cikin masu amfani da shafin. Yau a ce mata 1750, bayan kwana uku a ce 2300, mako na zagayowa ta koma 1900. Yarinya ba ta sauya haka a kwana uku, tambayoyin ne wasu suka fi wasu tsauri. Amma je ki gaya wa 'yar shekara 17 haka da ƙarfe sha ɗayan dare. Sai da na hana ta duba wannan lambar gaba ɗaya. Na biyu, biyan yana sabunta kansa. An gama jarrabawa muna ta murna, sai ga banki ya nuna an sake cire fam 32 na watan da ba mu buƙata. Yana rubuce a sharuɗɗansu da ƙananan haruffa, amma ko saƙon tunatarwa ba su aiko ba. Wanda zai saya, ranar da ya saya ya rubuta wa kansa ranar da zai soke.

Sai kayan kyauta, waɗanda ya kamata a ce da su muka fara. A shafin UCAT akwai darussan da ke bayyana kowane sashe, akwai tarin tambayoyi da bayanin amsoshinsu, akwai kuma cikakkun jarrabawoyin gwaji guda huɗu. Fuskar allon iri ɗaya ce da ta ranar jarrabawa, da ƙaramar kalkuletar nan da ke kan allo, da wajen sa wa tambaya alama don a dawo mata. Bayanin amsoshin daga gidan da tambayar ta fito yake, don haka in aka ce amsa kaza ce, kana ganin irin tunanin da ake so ka yi, ba hasashen wani ba. Sai dai ba su da yawa, mai himma zai cinye su a 'yan makonni, a nan ne rumbun biya yake cike giɓi. Gwajin da ya sa Ummi kuka a kicin ɗaya ne daga cikin huɗun nan, ta ƙone shi tun ba ta san hawa ba balle sauka. Sauran ukun muka ɓoye su sai makonni ukun ƙarshe. Duk ranar da za ta yi ɗaya, ƙannenta su tafi gidan maƙwabciya, waya tana ɗakina, ta fara daidai ƙarfe goman safe, lokacin da muka zaɓa mata a cibiyar, ba tashi ba shan ruwa har awa biyun su cika.

Amma in za a tambaye ni abin da ya ɗaga ta, zan ce wani littafin rubutu ne na fam ɗaya da rabi. Duk tambayar da ta faɗi, ta rubuta dalili a layi ɗaya: ban karanta da kyau ba, lokaci ne ya kore ni, ban san hanyar ba, ko na sa abin da na sani a waje. Bayan mako biyu muka zauna muka ƙirga, sai ga na ƙarshen nan ya fi kowanne yawa a sashen fahimtar rubutu.

Ga yadda abin yake. Ana ba ka guntun rubutu, sannan a kawo wata magana a ce ka zaɓa: gaskiya ce, ƙarya ce, ko ba za a iya sani ba daga rubutun. Da Turanci ake yi, amma bari in ƙirƙiro kwatankwacinsa da Hausa. Rubutu ya ce: a shekarar da aka haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye, yawan yaran da aka kai asibiti da gudawa ya ragu. Sai maganar ta ce: rijiyar ce ta rage gudawa a ƙauyen. Ummi ba ta ko tsayawa, gaskiya ce. Ai ta karanta a bayoloji, ruwa mai tsabta yana kare cutar ciki, uwarta ma'aikaciyar jinya ce, tun tana ƙarama take jin wannan. Amsar kuwa ita ce ba za a iya sani ba. Rubutun bai ce rijiyar ce ba, ya ce a shekara ɗaya abubuwan biyu suka faru. Wa ya sani ko an yi rigakafi a shekarar, ko damina ce ta yi sauƙi, ko kuɗin mota ne ya tashi aka daina kai yaran asibiti?

Mun yi musu a kan irin wannan har wajen sha biyun dare. Ta ce, "Mama, amma ai kin san gaskiya ne." Na ce na sani, amma ba abin da kika sani aka tambaye ki ba, abin da ke gabanki aka tambaye ki. Ina faɗar haka sai na ji kamar a wajen aiki nake. Duk safiya in za mu miƙa aiki ga masu karɓarmu, akwai bambanci tsakanin in ce majiyyaci ya yi amai bayan an ba shi magani, da in ce maganin ya sa shi amai. Ta farko abin da na gani ne. Ta biyu hukunci ne na yanke, in kuwa likita ya ɗauka a haka ya tsayar da maganin, alhali wani abu ne daban ke tasowa a cikin mutumin, an ɓata awanni masu tsada. Likitocin da na fi amincewa da su a shekarun nan su ne waɗanda bakinsu bai yi nauyin cewa ban sani ba tukuna, a yi gwaji. Mu kuwa yadda aka rene mu a makaranta, kuma yadda muka reni 'ya'yanmu, yaro mai ƙoƙari shi ne mai amsa a baki kullum. Cewa ba za a iya sani ba kamar faɗuwa ce a wajensa. Wata guda Ummi ta yi kafin hannunta ya daina rawa in za ta danna wannan amsar.

Sashen yanke hukunci ma ɗan uwan wannan ne. A ce duk ɗaliban ajin safe suna karatun kimiyya, wasu masu karatun kimiyya kuma da keke suke zuwa, shin dole ne a samu ɗan ajin safe mai zuwa da keke? Kunne yana cewa e. Ba dole ba ne, masu keken na iya zama duk 'yan ajin yamma. Da ta koyi zana da'irori biyu a takarda cikin sakan biyar maimakon riƙe maganar a ka, sai irin waɗannan suka zama nata. Lissafin kuwa bai wuce na sakandare ba, tarkonsa gaggawa ce. Kaya na fam 100 aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari, aka dawo aka rage kashi 20, mai sauri zai ce ya koma 100, alhali 96 ne. A nan ba ta sha wuya ba, sai dai sabawa da kalkuletar kan allo, wadda in ka bi ta da linzami za ta cinye maka lokaci, gara lambobin da ke gefen dama na madannai.

Abu na biyu da ya yi mata wuya shi ne barin tambaya. Ba a rage maki don ka faɗi, saboda haka ba a barin gurbi ko ɗaya fanko: in tambaya ta yi kama da mai cin lokaci, ka zaɓi wata amsa, ka sa mata alama, ka wuce, in da saura ka dawo. Ummi ta ce ji take kamar ha'inci. Na ce mata a daren da muke mu biyu da gadaje sun fi ashirin, in na tsaya a kan mutum ɗaya sai na gama masa komai yadda raina ke so, wani na can ƙarshen ɗaki numfashinsa na sauka ban sani ba.

Sashen sanin ya kamata shi ne wanda na fi so iyayenmu su sa wa ido, don yawancin yara raina shi suke yi, su ce ai hankali ne kawai. Hankali ne, amma na wani gida. An gina shi a kan ƙa'idojin GMC, hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya, musamman kundinta mai suna Good Medical Practice, wanda ke shafinta kyauta kuma ana karance shi a zama ɗaya ko biyu. Na sa Ummi ta karanta shi kafin ta ci gaba. Inda ta riƙa tuntuɓe duk waje ɗaya ne: in babba ne ya yi kuskure. A ce ɗalibar likitanci ta ga babban likita zai taɓa majiyyaci bai wanke hannu ba, shin ya dace ta yi shiru ta bari sai an fito? Ummi ta ga shirun ladabi ne. Ni na koya mata haka da bakina: ba a gyara wa babba a gaban mutane, ba a katse shi, a sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau, ban yi nadamarta ba. Amma a jarrabawar nan, kuma a aikin kansa, lafiyar majiyyaci tana gaba da girman kowa. Ana so ka yi magana a lokacin da za ta yi amfani, cikin ladabi, ba tare da ka kunyata mutum ba in da hali, kuma in abu ya fi ƙarfinka ka kai wa na sama da kai, ba ka rufe ba kuma ba ka yi gaban kanka ba.

Na ba ta labarin shekarata ta farko a nan. Wani babban likita, sa'an mahaifina, ya rubuta awon magani da na ga ya yi wa wata tsohuwa mai ciwon ƙoda yawa. Na tsaya a bakin ofishinsa da takardar a hannu, zuciyata na bugawa, ina jin kamar zan yi rashin kunya. Na shiga na ce ko za a sake duba wannan. Ya duba, ya gyara, ya ce na gode, ya ci gaba da rubutunsa. Shi a wajensa ba wani abu ba ne. Ni kuwa sai da na shiga bayi na wanke fuska. Ummi ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ke ma." Daga ranar ta daina ganin tambayoyin nan a matsayin wasa.

A ƙarshen Agusta ta zauna. Mun isa da rabin awa a hannu. Aka duba fasfo, aka ɗauki hotonta, ta zuba waya da agogo da komai a akwatin ajiya. Wata ma'aikaciya ta duba ba a sa wani abu a kunne a ƙarƙashin hijabi ba, cikin mutunci, ba a ce ta cire ba. Aka ba ta allon rubutu mai santsi da alƙalaminsa, ta shige. Ni na zauna a mota da carbi. Sakamako a nan take ake miƙo maka shi a takarda, ba jiran makonni. Ta fito tana tafe a hankali, takardar a ninke, ta buɗe ƙofa ta zauna ba ta ce komai ba, ta miƙo mini: 610 a fahimtar rubutu, 720 a yanke hukunci, 760 a lissafi, jimla 2090, rukuni na 2 a sanin ya kamata. Na ce Alhamdu lillahi, ta kwantar da kai a kafaɗata. Abin da ta fara cewa shi ne allon da ta gani a ciki ba shi da bambanci da na gwajin kyautan nan, har ta manta a cibiya take.

Amfanin samun sakamako da wuri shi ne da shi ake zaɓen jami'a. A takardar UCAS, wato takardar neman shiga jami'a a Birtaniya, gurbi huɗu kawai ake ba likitanci, kuma 15 ga Oktoba ake rufewa. Jami'o'in ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai masu jera mutane bisa makin UCAT kusan shi kaɗai wajen kiran intabiyu, irin su Bristol, akwai masu haɗa shi da sakamakon GCSE, jarrabawar sakandare da yara ke yi wajen shekara 16. Mun yi dare uku muna karanta sharuɗɗan kowace jami'a a shafinta, muka bar waɗanda makinta bai kai al'adarsu ba duk da tana son su. Wannan ma ba kwas ɗin da ya yi mana shi.

Ina da ja a kan abu ɗaya, kuma ra'ayina ne. Sakan 30 a sashen fahimtar rubutu yana auna saurin karatun Turanci kusan yadda yake auna tunani. Ummi tun tana shekara shida take ƙasar nan, duk da haka a nan ta fi rauni. Ina tuna 'ya'yan 'yan uwana a Kano da Zariya, masu kaifin basira, da Turanci ya zame musu harshe na biyu ko na uku. Wanda zai zauna daga gida, ya fara karanta dogayen rubuce-rubucen Turanci kullum tun watanni kafin ya taɓa tambaya ko ɗaya, ya nemi cibiyar da ta fi kusa da shi da zarar an buɗe rajista don guraben suna cika, ya kuma sani sakamakon na neman shekarar ne kawai, ba a ajiye shi don baɗi.

In aka haɗa duka, ban da kuɗin zama, mun kashe fam 281 a shiri. Fam 64 na wata biyun rumbun tambayoyi su ne kaɗai zan sake biya ba tare da na yi tunani ba. Ɗan maƙwabciyata shi zai zauna a zagaye mai zuwa, uwarsa ta zo har gida da tallan wani kwas a wayarta tana tambayata. Na ce ta ajiye kuɗinta tukuna, ya fara da darussan kyauta, kada ya taɓa gwaji huɗun nan sai ƙarshe. Ta roƙi a ba shi littafin kurakuran Ummi. Ummi ta ɗauko, ta nuna masa yadda ta raba shafi gida huɗu, sannan ta hau sama ta sauko masa da sabo fil wanda ba a rubuta komai a ciki ba, ta mayar da nata cikin jaka.